Shin ya dace a ajiye nalokson a gida saboda wanda ke fama da shan ƙwaya?

Babbar Yaya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya a wannan zaure, da ma duk wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki. Ƙanena ya yi shekaru yana fama da shaye-shaye. Da maganin tari mai kodin ya fara, daga baya ya koma tiramadol, kuma ba mu da tabbacin cewa a nan ya tsaya. Yau watansa huɗu a wata cibiyar gyaran hali, an kuma ce za a sallamo shi a ƙarshen watan nan.

A ziyarar da na kai masa ta ƙarshe, wata ma'aikaciyar cibiyar ta ja ni gefe, ta ce in nemi wani magani mai suna nalokson in ajiye a gida, in kuma koya wa mutanen gida yadda ake amfani da shi kafin ya dawo. Maganar ta ɗaure mini kai, domin a zatona wanda ya yi wata huɗu bai sha komai ba ya tsallake siraɗi, sai ga shi ana gaya mini cewa yanzu ne haɗarin ya fi girma.

Da na kawo batun a gida, kawunmu ya ce sam, ajiye irin wannan magani tamkar ce wa yaron ne ya koma ruwa, tunda ga abin da za a tashe shi da shi idan ya faɗi. Ita kuwa mahaifiyarmu tsoronta daban ne, gani take mu da ba mu karanci aikin asibiti ba za mu iya ƙarasa shi da hannunmu. Ni ina tsakiya. Ina so in san yadda maganin yake aiki, da ko mutumin da ba ma'aikacin lafiya ba zai iya bayar da shi, da kuma ko maganar kawu tana da tushe. Ba don ƙanena kaɗai nake tambaya ba, domin muna da ƙungiyar iyaye mata a unguwa, kuma kusan kowacce tana da wanda take kwana da fargabarsa.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam. Yaya, Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Wadda ta ja ki gefe ta yi miki gata, kuma gaskiya ta gaya miki. Jikin wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyi dangin ofiyom, wato irin su kodin da tiramadol da mofin da hiroyin da fentanil, yana sabawa da su har ya riƙa ɗaukar adadin da zai kwantar da wanda bai saba ba. Idan ya daina na wasu makonni, wannan sabo yana gushewa, amma shi mutumin bai manta adadin da yake sha a da ba. Ranar da ya yi tuntuɓe ya koma, adadin jiya zai ɗauka ya zuba wa jikin da ba na jiya ba. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga cibiyar gyaran hali, ko gidan yari, ko kwanciyar asibiti, suka fi kowane lokaci cin rai.

Ya kamata a fahimci yadda mutuwar take zuwa. Waɗannan ƙwayoyi suna kama wasu gurabe ne a ƙwaƙwalwa, daga cikinsu har da na sashen da ke tafiyar da numfashi ba tare da mutum ya sani ba. Idan suka yi yawa, numfashin yana raguwa sannu a hankali har ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta rasa iska, kuma 'yan mintuna kaɗan sun isa ta fara lalacewa. Nalokson yana zuwa ya ture ƙwayar daga waɗannan gurabe ya zauna a wurinta, shi kuwa ba ya bugarwa, ba ya kashe ciwo, ba ya sa jaraba. Iyakar aikinsa ke nan. Saboda haka ki kwantar wa Mama da hankali: idan aka ba wanda ba shi da irin wannan ƙwaya a jikinsa, ba abin da zai yi masa, kuma kuskuren da ake tsoro shi ne jinkiri, ba bayarwa ba.

Alamomi uku ake dubawa. Mutum ba ya farkawa ko da an kira sunansa da ƙarfi, an girgiza shi, an murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. Numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko yana tsayawa yana dawowa, ko ya tsaya gaba ɗaya. Baƙin tsakiyar idonsa kuma ya tsuke kamar tsinin allura. Littattafai suna cewa leɓɓa kan yi shuɗi, amma ga mai duhun fata abin da za ki gani shi ne leɓɓa da dasashi da faratai sun yi toka-toka. Abin da na fi so a riƙe shi ne batun minshari. Sau da yawa iyalan da suka kawo mana gawa sukan ce sun ji yana wani irin minshari da kakari tun dare, suka ɗauka barci ne mai nauyi, suka ce a bar shi ya huta. Wannan sautin ba na barci ba ne, maƙogwaro ne yake toshewa. Mai barci idan an tashe shi yana tashi.

Idan aka ga haka, wani ya kira motar asibiti ko ya nemo abin hawa nan take, wani kuma ya ba da maganin. Iri biyu ne aka fi samu. Akwai na fesawa a hanci, wanda ake kwantar da mutum rigingine, a zura bakin robar a ƙofar hanci guda, a danna sau ɗaya. Kada a gwada dannawa a iska tukuna, domin fesa ɗaya ce kawai a cikinsa. Akwai kuma na allura, wanda galibi yake zuwa da miligiram 0.4 a ƙaramar kwalba, ana yin sa a tsokar cinya ko damtse, ba a neman jijiya. Bayan an bayar, idan ba ya numfashi sosai, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a riƙa hura masa iska ta baki sau ɗaya kowane daƙiƙa biyar, idan kuma babu alamar rai ko kaɗan a shiga danna ƙirji. In minti biyu zuwa uku suka wuce bai farfaɗo ba, a ƙara na biyu, a ɗaya ƙofar hancin idan na fesawa ne. Da ya fara numfashi a juya shi kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi.

Ko ya buɗe ido ya yi magana, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙarfin nalokson yana gushewa tsakanin minti 30 zuwa 90, alhali wasu ƙwayoyin, musamman metadon, wanda shi ma dangin ofiyom ne da likitoci ke bayarwa don maganin jaraba, da waɗanda aka yi su don su narke a hankali, suna daɗewa fiye da haka nesa ba kusa ba. Mutum zai iya tashi, a yi hamdala a watse, bayan sa'a guda ya sake nutsewa ba kowa a kusa. Dole a kai shi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Sannan a bar zuba ruwan sanyi, da ɗura madara ko wani abin sha, da tilasta amai, da jan mutum ana zagayawa da shi. Babu ɗayansu da ke dawo da numfashi, ɗura kuwa ga wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu take tafiya.

Dattijon Zaure ya amsa:

'Yata, Allah Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Na karanta bayanin malama ma'aikaciyar jinya, na kuma ƙaru, ba ni da ja a kan yadda maganin yake aiki. Amma kada a yi saurin watsi da maganar kawunki, domin ba ƙiyayya ce ta sa ya faɗe ta ba. Mu da muka yi renon 'ya'ya mun san cewa tsoro yana daga cikin abin da ke riƙe matashi, kuma idan aka cire masa tsoron mutuwa, ban san me ya rage da zai taka masa birki ba ranar da abokan banza suka zo masa.

Abu na biyu ya shafi ƙungiyar da kika ambata. Ina jin tsoron kada al'umma ta mayar da hankalinta kan tayar da waɗanda suka faɗi, ta manta da masu sayar musu da gubar, waɗanda kowa ya san su, ya san inda suke zama. Idan rufin ɗaki yana yoyo, tara kwanuka a ƙasa ba ya hana damina shigowa. Akwai kuma abin da ba a faɗa ba: matasan da ke tare da mutum lokacin da ya faɗi sukan gudu ne su bar shi, saboda suna tsoron a kama su. Wanda ya gudu ya bar abokinsa a ƙasa, shin shi ne zai tsaya ya fesa masa magani a hanci har ya jira motar asibiti? Ina so masana su amsa mini wannan, domin ban zo gardama ba, neman gamsuwa nake yi.

Mai Harhaɗa Magunguna ya amsa:

Baba, tambayoyinka suna kan hanya, kuma an yi shekaru ana tafka muhawara a kansu a ƙasashen da suka riga kowa shiga wannan bala'i. Shi maganin ba sabo ba ne. An yi rajistar ƙirƙirarsa a 1961, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1971, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shekaru da yawa a asibiti da motocin ɗaukar marasa lafiya kawai yake, alhali mutanen suna mutuwa ne a ɗakuna da banɗakuna da kangaye, inda likita ba ya nan amma sau da yawa akwai wani a kusa. A 1996 wata ƙungiya a birnin Shikago na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dan Bigg, ta fara miƙa shi kai tsaye ga masu shan ƙwayar da kansu, bayan mutuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta. A lokacin mutane da yawa sun faɗi irin abin da kawun Yaya ya faɗa.

Abin da aka gani daga baya shi ne ya sauya ra'ayin hukumomi. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya duba garuruwa 19 a jihar Masacusets ta Amurka, ya gano cewa inda aka raba maganin aka kuma horar da mutane, mace-macen sun yi ƙasa da na inda ba a raba ba, da kashi 27 cikin ɗari a wuraren da aka raba kaɗan, da kashi 46 a wuraren da aka raba da yawa. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa duk wanda ake ganin zai iya kasancewa a wurin da wani zai faɗi, ɗan'uwa ne ko aboki ko ma'aikaci, a ba shi nalokson a koya masa amfani da shi. Kanada da Ostireliya sun cire sharaɗin takardar likita a 2016, Amurka kuma ta ba da izinin sayar da nalokson na fesawa a hanci mai suna Narcan ba tare da takarda ba a watan Maris na 2023, bayan da dangin ofiyom suka kashe mata mutum fiye da 80,000 a 2022 kaɗai. Game da zargin cewa yana ƙara wa mutane ƙwarin gwiwar sha, binciken da aka yi a kan waɗanda aka ba maganin bai nuna sun ƙara sha ba. Dalilin ma a fili yake ga wanda ya taɓa ganin an tashi mai jarabar ƙwaya da shi, domin farkawar azaba ce, ba wanda yake marmarin ta.

A kan batun gudu kuwa, Baba, ka taɓo inda yake ciwo. Shi ya sa Kanada ta yi doka a 2017 da ke kare wanda ya kira agaji daga tuhumar mallakar ƙwayar da aka samu a wurin, yawancin jihohin Amurka ma suna da makamanciyarta. Amma ko a inda tsoron hukuma yake da ƙarfi, mutane sun fi tsayawa idan akwai abin da za su iya yi da hannunsu. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da Hukumar Lafiya ta Duniya sun gwada haka a Kazakistan da Kirgistan da Tajikistan da Yukiren, inda aka horar da mutum fiye da 14,000, kuma mafi yawan waɗanda aka bibiya da suka ci karo da wanda ya faɗi sun yi amfani da maganin.

Sai dai zan ba ka gaskiyarka a misalin yoyon ɗaki. Sikotlan ta fara raba nalokson a faɗin ƙasa a 2011, har da ba fursunoni ranar sallama, kuma daga cikin duk mace-macen da dangin ofiyom ke haddasawa, kason waɗanda ke faruwa cikin makonni huɗu bayan fita daga gidan yari ya sauka daga kusan kashi 10 zuwa kusan kashi 6 cikin ɗari. Duk da haka jimillar waɗanda ƙwaya ta kashe a ƙasar ta ci gaba da hawa har ta kai 1,339 a 2020, kuma a da yawa daga cikinsu an samu haɗin dangin ofiyom da ƙwayoyin sa barci. Nalokson ba ya warkar da jaraba. Abin da aka tabbatar yana rage mutuwa a tsawon lokaci shi ne magani irin su metadon da bufirenofin a ƙarƙashin kulawar likita, tare da shawara da tallafin iyali. A ganina ba zaɓi ake yi tsakanin waɗannan ba, domin wanda aka binne ba ya zuwa asibiti ranar da likita ya sa masa.

Yaya, zan ƙara abu biyu a kan bayanin malama, tunda kin ambaci tiramadol. Shi ba ta hanya ɗaya yake aiki a jiki ba, saboda haka nalokson yana gyara numfashi amma ba ya hana jijjiga irin ta farfaɗiya da yawan shansa ke kawowa. A bayar idan numfashi ya yi ƙasa, amma a san cewa asibiti wajibi ne. Haka nan ba ya karya giya, ko ƙwayoyin barci irin su dayazafam, ko zailazin, maganin dabbobi da ake gauraya wa fentanil a wasu ƙasashe. Idan ba a san abin da mutum ya sha ba, a bayar duk da haka, domin cire kason ofiyom ɗin kaɗai yakan isa numfashi ya dawo. Ki ajiye shi inda rana ba ta dukansa kuma kowa ya san wurin, ba a cikin akwatin da makullinsa yake hannun mutum ɗaya ba. Dokar sayar da shi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ki nemi cibiyar da ƙaninki yake ta rubuta muku shi kafin sallama.

Wanda Ya Tsira ya amsa:

Ban saba rubutu a nan ba, amma wannan magana tawa ce. Shekara shida ke nan da aka tashe ni da wannan magani, kuma ina so Baba ya ji daga bakin wanda abin ya faru da shi. A duk shekarun da na yi ina sha, ban taɓa lissafin mutuwa ba kafin in sha, ballantana in yi lissafin abin da za a tashe ni da shi. Na halarci jana'izar abokaina biyu, kuma a ranakun ma na sha. Da tsoro yana hanawa, da ya hana ni tun a lokacin.

Farkawar kuma ba daɗi. Na tashi ina amai, gumi yana karyo mini, ƙasusuwana kamar ana sara, ban san inda nake ba, har na zagi wanda ya cece ni. Yaya, idan Allah Ya ƙaddara kika yi amfani da shi, kada ki sa ran godiya a wannan sa'ar, kuma kada ki fara faɗa. Ki gaya masa abin da ya faru a hankali, ki hana shi ƙara shan wani abu don ya kashe wannan raɗaɗin, domin abin da jikinsa zai fara nema ke nan.

Ban daina a ranar ba, sai bayan wata bakwai na shiga magani da ƙafata. Shawarata ita ce kada ku ɓoye masa cewa kun ajiye shi. Abin da ya fi kashe irinmu shi ne kunya, wadda ke sa mutum ya kulle ƙofa ya sha shi kaɗai, musamman wanda aka yi murnar dawowarsa ana cewa ya shiryu. Maganin da ke falo ba ya amfanar wanda ke bayan ƙofar da aka sa wa sakata.

Babbar Yaya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Mama amsoshin nan, ta kuma yarda a koya mata. Kawu bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba, amma maganar ɗan'uwan da ya tsira ta sa ya yi shiru, ya ce a yi abin da ya dace, shi kuma zai ɗauki nauyin raka yaron wurin likita. Mun yanke shawarar cire sakatar ɗakinsa, kuma ni zan gaya masa dalili da bakina. Saura tambaya ɗaya ga malama ma'aikaciyar jinya: guda nawa ya kamata mu ajiye, kuma idan wanda ke hannunmu ya wuce wa'adinsa a ranar da ake buƙata, ya za mu yi?

Ma'aikaciyar Jinya ta sake amsawa:

Ku ajiye aƙalla biyu a wuri ɗaya, domin ɗaya ba ya isa a kowane lokaci, musamman idan ƙwayar mai ƙarfi ce irin fentanil, wanda ya ninka hiroyin kusan sau 50. Ki rubuta ranar ƙarewar wa'adin a wayarki don ku sauya da wuri. Idan kuma ranar ta zo babu wani a hannu sai wanda ya wuce wa'adi, ku yi amfani da shi, ƙarfinsa ne kawai zai iya raguwa. Su kuma matan ƙungiyarku, ku gayyaci ma'aikacin lafiya ya zo da na gwaji, kowacce ta riƙe shi a hannunta, ta kuma koyi hura iska da juya mutum kan gefensa kafin ƙarshen watan.